Tsadar Ƙulli: Yadda Gidajen Kano Ke Tattalin Cefane

A yawancin shagunan kan layi na Kurna, Ɗorayi, Rijiyar Lemo da Sheka, kayan ƙulli sun fi na kwali yawa a kan kanta. Sikari a ƙulle, madarar gari a ƙulle, man gyaɗa a ƙulle, omo a ƙulle, har taliya ana karya leda biyu a sayar da rabi. Yaro zai zo da kuɗi a dunƙule a hannu ya ce, "Malam, wai a ba ni mai na 200 da magi na 50," da rana ya dawo, da magariba ya sake dawowa. Gidan da ke aike sau uku a yini yana ganin yana lallaɓa rayuwa ne daidai ƙarfinsa, kuma gaskiya ne. Sai dai idan aka tara kuɗin ƙulle-ƙullen nan na wata guda aka kwatanta da farashin galan ko kwano a kasuwar Singa, za a tarar gidan ya sayi man da sikarin da tsada fiye da attajirin da ya aika direba ya ɗauko jarka da buhu. Mai shago bai zalunci kowa ba. Ya sa kuɗin leda, ya sa ladan zamansa, ya sa ribarsa a kan kowane ƙulli. Amma sakamakon shi ne wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya.

A ganina duk wata maganar tattalin gida da ba ta fara daga nan ba, ba ta taɓo ciwon ba. Ana yawan yi wa talaka huɗubar ya rage kashe kuɗi, alhali ba shi da abin ragewa. Abin da yake bukata shi ne hanyar da zai sayi abin da dama zai saya, a lokacin da ya fi araha, a ma'aunin da ya fi araha.

Yadda aka kawo nan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta zube. A watan Yulin shekarar sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka na tsawon watanni, cinikin dabbobi da hatsi tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi ya tsaya cik. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, jihar Kano ta sa nata 71,000, amma lissafin a fili yake: tsohon albashin yana sayen fetur kimanin lita 150 kafin a cire tallafi, sabon kuwa da ƙyar ya sayi lita 70 a ƙarshen 2024. Kuma mafi yawan magidanta a Kano ba albashi suke ɗauka ba. Tun a 2019 binciken hukumar ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 na abin da gidajen Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. Gidan da fiye da rabin samunsa ke shiga tukunya, a tukunyar zai nemi sauƙi.

Awo a kaka

Mafi girman ragi da gida zai iya samu a shekara yana cikin lokacin awo. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero, dawa, masara da wake ke kwararowa Dawanau da kasuwannin ƙauye irin su Ɗambatta, Wudil da Gaya, manomi na neman kuɗin biyan bashin taki da na aurar da 'ya'ya, hatsi kan yi ƙasa. Daga watan Yuni zuwa Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, kwano kan tashi. Kakanninmu sun gina rayuwarsu a kan wannan juyi. Gidan gargajiya ba ya rasa rumbu, kuma babban abin kunya ne ga magidanci a gan shi yana awo tun kafin damina ta raba. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya ji ƙissar Annabi Yusufu da shawararsa ta ajiye hatsi a zangarniyarsa domin shekarun fari. Zaman birni ne ya raba mu da rumbu, ya bar mu da ɗakin haya da ledar awo.

Buhun hatsi a ma'aunin Kano kwano 40 ne. Gidan da ke tuƙa kwano ɗaya a rana, buhu uku zai kai shi wata huɗu, wato ya ƙetare tsananin damina ba tare da ya je wurin mai awo ba. Matsalar ita ce ajiya, musamman wake, wanda ƙwari kan mayar gari cikin 'yan watanni. A nan ne wasu ke yin gangancin da ke tayar mini da hankali: zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin abin da yara za su ci. Saboda yawan irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da Turawa suka ƙi ci, mu muka cinye shi. Alhali akwai hanya mai sauƙi. Buhun PICS, wanda masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da masu binciken aikin gona na yankinmu, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ragowar iskar su mutu, ba tare da ɗigon magani ba, kuma buhun yana yin shekaru muddin bai huje ba. Wanda bai samu ba, tsabtatacciyar jarka mai murfi ko duro mai rufuwa ruf yana yin wannan aikin, in dai an cika shi taf kuma hatsin ya bushe sarai. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Akwai abu biyu da ya kamata a faɗa da gaskiya. Na farko, wannan lissafi ba ya cin kowace shekara. Bayan gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a Yulin 2024, hatsi ya yi ta sauka a 2025, har waɗanda suka saya da yawa a kaka domin su sayar da tsada suka tafka asara. Amma wanda ya sayi buhu biyu domin bakin iyalinsa, ko farashi ya sauka bai yi asarar da za ta karya shi ba, ya kuma sayi kwanciyar hankali. Na biyu, tanadin gida daban, ɓoye kaya daban. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Magidancin da ya jingine buhun gero a lungun ɗaki ba ya cikin wannan sahu.

To ina kuɗin buhu?

Wannan ita ce tambayar da mai tura baro ko malamin makarantar sa-kai zai yi, kuma tambaya ce ta gaskiya. Amsar da ta daɗe tana aiki a ƙasar Hausa ita ce haɗa ƙarfi. Mata sun riƙe adashe tun kafin a san banki. Abin da ya bambanta adashen da ke gina gida da wanda ke wucewa kamar ba a yi ba shi ne lokacin kwasa da abin da aka nufa da ita. Matar da ta roƙi uwar adashe a sa kwasarta ta faɗo a Nuwamba, ta ba ɗan'uwanta ya yo mata awo a kasuwar ƙauye, ta ci ribar adashenta sau biyu. A ma'aikatu da makarantu, ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata kan sayo shinkafa, mai da sikari a sari, a raba, a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan. A unguwa kuwa ba a bukatar rajista kafin gida huɗu su haɗa kuɗin buhun masara, kowa ya kwashi kwano 10, su raba kuɗin mota.

Ko a nama muna da wannan al'ada. Watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a kasa kashi-kashi, an fi yin ta gab da Sallah, amma babu abin da ya hana a yi da akuya ko tunkiya a tsakiyar shekara. Abin da ke kashe irin wannan haɗaka ɗaya ne, rashin amana. Adashe da yawa sun watse saboda wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Shi ya sa masu daɗewa a harkar ba sa shigar da wanda ba su san gidansu ba, kuma suna rubuta komai a littafi ko da tsakanin ya da ƙanwa ne. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga zumunci.

Miya da abin da ke cikinta

Tuwo ba ya tafiya shi kaɗai, kuma sau da yawa kuɗin miya ne ke cinye cefane a ɓoye. Tumatir na da lokacinsa. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da noman rani na Kadawa da Kura ke fitowa, kwando kan cika 'Yankaba har ya riƙa ruɓewa. Da damina ta kama, ko kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa gonaki kamar yadda ta yi a 2016, sai tumatir ya zama na masu hali. Matan da suka san kan gida suna sayen kwando lokacin araha, su yanka su shanya ya zama kauɗa, ko su markaɗa su tafasa har ruwan ya ƙone, su ɗura a kwalba su sake dafa kwalbar a rufe. Haka ake busar da tattasai, attaruhu da kuɓewa. Shanyar dai a yi ta a kan tabarma ko buhu mai tsabta a sama, ba a gefen titi ba.

Wani abin da tsadar nan ta yi shi ne dawo da martabar miyar da wasu gidajen birni suka fara raina. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, ayoyo, yakuwa da zogale ba sa bukatar tumatir ko kaɗan, kuma da daddawa mai kyau ba sai an zuba dunƙule biyar ba. Bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida, da alayyahu ko yakuwa a tsohon buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki, ana ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa, suna rage aike kasuwa. Waken suya kuwa ya zama naman marasa ƙarfi. Awara ta mamaye ƙofofin gidaje da makarantu, kuma wannan canji ne mai kyau, domin tana gina jiki ƙwarai. Kunun da aka haɗa gero, gyaɗa da soyayyen waken suya ya fi shayi da burodi riƙe cikin yaro, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Fulawa ce ta fi saurin bin dala, shi ya sa a farkon 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano kan tsadarta. Gidan da ya mayar da karin kumallonsa kan koko, ɗumame da ɗanwake ya rage dogaro da abin da ake shigowa da shi daga waje.

Amma ba kowane sauyi ne abin yabo ba. A 2024 ɗin ne aka riƙa ba da labarin yadda mutane ke sayen afafata, wato shinkafar da injin casa ya tsame a matsayin marar kyau, wadda a da kifi ake ba wa. Wannan ba dabara ba ce, yunwa ce, kuma bai kamata a lissafa ta cikin hikimar tattali ba.

Wuta

Bayan abinci sai abin dafa shi. Gidaje da yawa da suka koma gas a shekarun baya sun jingine tukunyar tun da kilo ya haura naira 1,000 a 2024, suka koma kurfoti da gawayi, wasu itace, wasu har murhun ɗiddigar katako da aka yi yayi zamanin Abacha. Kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka. Komawa itace na da farashin da ba a biya a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya na danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara da hayaƙin girki a cikin gida, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne ke shaƙar mafi yawa. Dazuzzukan da ake sarewa domin gawayi kuma ba sa dawowa da sauri.

Abin da na ga yana aiki a gidaje shi ne raba aiki tsakanin wuta biyu: gas domin abin gaggawa irin ruwan zafi da ɗumame, gawayi domin abin da ke daɗewa a wuta. Sauran kuma ƙananan halaye ne da ke taruwa. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin wuta kamar wanda aka zuba a bushe. Tukunya a rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin nuna. Murhu mai jikin yumɓu yana riƙe zafi fiye da na ƙarfe zalla, kuma garwashin da ya rage a kashe shi a rufaffen gwangwani ya yi aikin gobe. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai, idan aka sauke tukunyar aka naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, suna ƙarasa nuna da zafin jikinsu. Girkin dare a ƙara hannu domin a samu ɗumamen safe ya fi hura wuta sau uku.

Dogaro da firji wajen ajiya kuwa sai da hattara. Waɗanda suka cika nasu da nama da markaɗe sun ji jiki a Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu lantarki. Busarwa da soyawa ba sa jiran wuta.

Sauran ƙofofin da kuɗi ke zurarewa kowa ya san su: jarkokin 'yan garuwa, kuɗin adaidaita sahu, katin waya da data, ladan mai POS a kan kowace cira. Duro a ƙarƙashin indararo da damina yana rage sayen ruwan wanki. Cira ɗaya babba ta fi ƙanana biyar. Keke ya dawo titunan Kano, kuma ba abin kunya ba ne.

Tsakanin maigida da uwargida

Duk dabarun nan a hannun mata suke, amma a gidaje da yawa mace ba ta san abin da mijinta ke samu ba, shi kuma bai san nawa ake sayar da kwanon gero ba. Yana ajiye kuɗin cefanen da ya saba ajiyewa shekara biyu da suka wuce, ya fita, da dare ya tarar da tuwo. Bai san cewa ribar ƙullin ƙanƙararta ko kuɗin kitsonta ne suka cike gurbin ba. Wannan rashin sani yana haifar da zargi, zargi ya haifar da faɗa, kuma masu sulhunta ma'aurata sun san yawan auren da cefane ya girgiza. Ina ganin babu tattalin da ya kai miji ya zauna ya ce, "Ga abin da ke shigo mini a wata, yaya za mu yi?" ita kuma ta ce, "Maigida, ga abin da gidan nan ke ci." Matar da aka ba kuɗin mako a dunƙule tana iya sayen mudu maimakon ƙulli. Wadda ake ba na yini-yini an ɗaure mata hannu, dole ta aika shago. Kuma namijin da ke tsayawa wurin mai shayi ko mai tsire ya ci shi kaɗai kafin ya shiga gida, ya sani abin da ya kashe a zama ɗaya zai iya yin miyar gidan gaba ɗaya.

Biki

A nan ne abin da aka tara a shekara ke ƙonewa a mako guda. Lefe akwati-akwati, kayan ɗaki, gara, anko kala biyu ko uku, kamu, dina, wuni, hoton kafin biki. Uba kan sayar da gona ko fili domin kada a ce ɗakin 'yarsa bai kai na 'yar maƙwabci ba, wata uku bayan biki kuma a ga dillaliya ta fito da kayan ana neman rabin kuɗi. Nauyin ya kai matsayin da gwamnati ke shiga: tun 2012 Hisbah ke shirya auren gata a Kano, kuma a Oktoban 2023 an aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci guda, gwamnati ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki. Idan aure ya zama sai hukuma ta tallafa, to al'adar ta yi wa mutanenta nauyi.

Mutum ɗaya ba ya iya karya wannan, domin tsoron gori ya fi tsoron bashi ƙarfi a zukatanmu. Amma dangi na iya yi. Na san zuri'o'in da suka zauna suka yanke cewa anko ɗaya ne, ko babu, kuma gudummawa a ba da kuɗi ko hatsi maimakon tarkacen roba. Da zarar manyan gida sun faɗa, ƙanana sun samu mafaka. Matar da ba ta da kuɗin anko ba sai ta ƙirƙiri ciwo ranar biki ba.

Inda ragi ke zama cuta

Akwai wuraren da bai kamata almakashin tattali ya taɓa ba, kuma abin baƙin ciki su ne aka fi fara yankewa. Mai hawan jini ya koma shan ƙwaya ɗaya bayan kwana biyu. An sayi rabin maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, yaro ya ji sauƙi, an bar sauran, bayan mako biyu ciwon ya dawo da ƙarfin da sai an kwanta asibiti. Mai ciki ta daina zuwa awo saboda kuɗin mota. An cire yarinya daga makaranta an ɗora mata tallan awara. An tsinka kunun jariri da ruwa domin ya kai dare. Ƙungiyar likitocin MSF ta ce yara sama da 600 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025 sakamakon tamowa, da yawansu saboda an kawo su a makare.

Iyayen waɗannan yara ba sakaci ne ya yi musu yawa ba. Akwai matakin rashi da babu wata dabarar jiƙa wake ko haɗa adashe da za ta cike shi, kuma a wannan mataki nauyin yana kan hukuma, da masu zakka, da maƙwabcin da ke da buhu uku a ɗaki. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, gidan sauro ya fi jinya araha, kuma shayar da nono zalla na wata shida ba ya cin ko kwabo, sai dai yana bukatar uwar ta ƙoshi. Idan abinci ya yi kaɗan a gida, mai shayarwa da yaron da aka yaye su ne ya kamata a fara zuba wa, kafin a kai kwanon zaure.